Faci da Kwaskwarima: Yadda Masu Sha'awa Suka Raya Wasan System Shock Bayan Rushewar Kamfaninsa

Gabatarwa

Duk wanda ya san ƙasar Maƙarfi da Kudan da Ikara ya san cewa da yawa daga cikin injunan da jama'a ke neman abinci da su ba sababbi ba ne. Injin matse rake na masu mazarƙwaila, da injin niƙa na bakin kasuwa, da injin ban-ruwa na masu lambun tumatir, sau da yawa sun girmi yaran da ke aiki da su. Waɗansu an daina ƙera irinsu tun da daɗewa, kuma babu wakilin kamfani da zai zo ya dube su. Abin da ya sa suke ci gaba da juyawa shi ne ƙoƙarin makanikai da maƙera da masu walda, waɗanda ke ƙera abin da ya lalace da hannunsu, ko kuwa su tafi kasuwar Panteka ta Kaduna su sa a zuba musu irinsa.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba irin wannan al'amari a wani fage da ba a saba hangensa ba, watau manhajar kwamfuta. An zaɓi misali guda domin a bi shi daki-daki: wasan kwamfuta mai suna System Shock, musamman kashinsa na biyu, wanda kamfanin da ya ƙirƙiro shi ya rushe, aka yi shekara goma sha uku ba mai sayar da shi, amma masu sha'awarsa suka hana shi mutuwa. Wani zai ce ina ruwan ɗalibi ko ma'aikacin gwamnati da wasan yara? Amsa ita ce, ciwon da ya kama wannan wasa shi ne ke kama manhajar biyan albashi, da ta rajistar ɗalibai, da ta ajiye bayanan marasa lafiya. Bambancin kawai shi ne tarihin wasan a bayyane yake, ana iya bin sawunsa shekara bayan shekara.

Ma'anar kalmomi

Kalmar faci sananniya ce ga duk mai keke ko babur. A fagen kwamfuta ma asalin ma'anarta ke nan. A zamanin da ake rubuta wa kwamfuta umarni ta hanyar huda kati ko zaren takarda, idan an sami kuskure sai a liƙe hudar da ɗan ƙyalle, ko a yanke wurin a jona wani. Sunan ya zauna har yau, ko da yake babu sauran takarda a aikin. Faci dai ƙaramar manhaja ce da ake ɗora wa babba domin a toshe wani kuskure a cikinta.

Kwaskwarima kuwa ta wuce toshe kuskure. Ita ce sauya fasalin wasa: a sake zana hotunansa, ko a gyara sautinsa, ko a canza ƙa'idojinsa, ko a ƙara masa sabon labari ɗungum.

Akwai kalma ta uku da sai an fahimce ta kafin a gane sauran bayanin, watau rubutun asali. Kowace manhaja ana fara rubuta ta ne da wani harshe da ɗan Adam ke iya karantawa, sa'an nan a juya ta zuwa jerin lambobin da na'ura kaɗai ke ganewa. Abin da ake sayar wa jama'a shi ne juyayyen, kamfani kuma ya ɓoye rubutun asali. Mai gyaran da ke da rubutun asali kamar magini ne da aka ba taswirar gida. Wanda ba shi da shi kuwa sai ya riƙa ƙwanƙwasa bango yana saurare kafin ya gane inda bututun ruwa ya bi.

Asalin wasan

System Shock na farko ya fito a watan Satumba na 1994. Kamfanin Looking Glass da ke jihar Massachusetts ta Amurka ne ya ƙirƙiro shi, Origin Systems ya buga. An gina labarinsa a shekarar 2072, cikin wata tashar sararin samaniya mai suna Citadel, wadda wata ƙirƙirarriyar basira da ake kira SHODAN ke gudanarwa. Wani jami'in kamfanin da ya mallaki tashar ya sa wani gwanin kutse ya cire wa SHODAN takunkumin da ke hana ta aikata ɓarna. Bayan wata shida gwanin ya farfaɗo daga doguwar suma, ya tarar ta hallaka mutanen tashar ko ta mayar da su dodanni. Abin lura a nan shi ne, labarin kansa ya faro ne daga gyaran manhaja da aka yi ba bisa ƙa'ida ba.

Kashi na biyu ya fito a watan Agusta na 1999. Looking Glass ya yi shi tare da wani ƙaramin kamfani, Irrational Games, wanda Ken Levine na cikin waɗanda suka kafa shi, Electronic Arts kuma ya buga. Wannan karon labarin ya koma shekarar 2114, cikin kumbon Von Braun. Tsoron da ke cikinsa ya dogara ne ga duhu, da sauti, da ƙarancin harsashi, da kuma muryoyin matattun ma'aikata da mai wasa ke tsinta a faya-fayen da suka bari. Masu sharhi sun yaba masa ƙwarai, amma kasuwa ba ta karɓe shi ba: zuwa watan Afrilu na 2000, abin da aka sayar a Amurka bai cika kwafi dubu 60 ba. Duk da haka tasirinsa ya yi nisa, domin daga gare shi ne Levine ya ɗauko tsarin BioShock na 2007, wanda ya sami kasuwa mai yawa.

Rushewar kamfani da kiki-kakar mallaka

A watan Mayu na 2000 Looking Glass ya rufe ƙofarsa saboda matsalar kuɗi. Kadarorinsa, har da haƙƙin mallakar System Shock, suka faɗa hannun wani kamfanin inshora, Star Insurance, na rukunin Meadowbrook. Sunan kasuwanci na wasan kuwa yana hannun Electronic Arts. Ta haka aka wayi gari mai haƙƙin ba sana'arsa ba ce sayar da wasa, mai sunan kuma ba shi da ikon yin komai shi kaɗai. Wannan ya yi kama da gonar gado da magada suka kasa rabawa: kowa na da haƙƙi, ba mai noma, ciyawa ta cinye.

Wannan hali ba System Shock kaɗai ya shafa ba. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa. Ga mai nazarin tarihi wannan asara ce irin ta tsofaffin fina-finai da faya-fayen waƙoƙi da suka ɓace saboda ba a sake juyarsu ba.

Me ke lalata manhaja?

Injin niƙa ƙarfe ne, yana cinyewa da gugar yau da gobe. Manhaja kuwa ba ta tsatsa. Lambobin da ke kan faifan 1999 su ne dai a yau. To me ya sa take daina aiki? Dalili shi ne ƙasar da aka gina ta a kai ce ke motsawa. An rubuta System Shock 2 ne domin kwamfutocin zamanin Windows 98, kuma duk abin da marubutansa suka ɗauka tabbatacce ne ya sauya.

Alal misali, a 1999 ƙwaƙwalwar kwamfutar gida cibiya ɗaya gare ta, tana yin aiki ɗaya bayan ɗaya. Daga 2005 aka fara yawaita masu cibiya biyu ko fiye, masu raba aiki a tsakaninsu. Injin wasan, wanda ake kira Dark Engine, bai san da wannan ba, sai ya riƙa sandarewa. Dole mai wasa ya umarci kwamfutarsa ta tsare wasan a cibiya ɗaya. Haka nan fuskar kwamfuta ta tashi daga mai kusan murabba'i zuwa mai faɗi, sai hoto ya miƙe ya karkace. Hanyar nuna launi ta sauya, duhun da aka tsara da kulawa ya zama dabbare-dabbare. Gajerun fina-finan da ke cikin wasan ma sun daina fitowa, domin sababbin Windows sun bar tsohuwar hanyar karanta su.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba babbar matsala ba ce ga mai rubutun asali. Amma kamfanin ya mutu, rubutun kuma ba ya hannun jama'a.

Ayyukan masu sha'awa

Ba System Shock ne ya fara jawo irin wannan aiki ba. Kamfanin id Software, wanda ya fitar da Doom a watan Disamba na 1993, da gangan ya raba injin wasan da fayilolin hotuna da taswirori, domin duk mai so ya yi nasa. A ƙarshen 1997 kuma ya saki rubutun asalin injin ga kowa. Saboda haka masu sha'awar Doom sun tarar da ƙofa a buɗe. Na System Shock 2 kuwa abin da suka samu shi ne manhajar shirya taswira mai suna ShockEd, da kuma waɗansu fayiloli da ake iya buɗewa a sauya. Da wannan ɗan abin suka yi aiki iri huɗu.

Na farko shi ne facin da ke sa wasan ya tashi a sababbin kwamfutoci. Da gyare-gyaren suka yi yawa har suka rikita sabon shiga, sai aka haɗa su cikin manhaja guda, SS2Tool, mai ɗora su bi da bi.

Na biyu shi ne gyaran kura-kuran da ke cikin wasan tun asali: ƙofar da ba ta buɗewa, kayan da aka ajiye a inda hannu ba ya kai, rubutun da ya saɓa wa abin da murya ke faɗi. Aikin da ya fi shahara a nan shi ne Shock Community Patch, wanda mutane da dama suka yi shekaru suna tarawa.

Na uku shi ne kwaskwarimar gani da ji. Aikin SHTUP ya sake zana hotunan da ke jikin kayayyaki da alluna da tsabtar da kwamfutar 1999 ba ta iya ɗauka, aikin Rebirth kuma ya sake ƙera siffofin dodannin.

Na huɗu shi ne ƙari: sababbin labarai ɗungum, irin su Ponterbee Station, da kuma fassarar wasan zuwa harsunan da kamfani bai kula da su ba.

Kashi na farko na 1994 ma ya sami nasa rabo. Wahalarsa ita ce hanyar juya kai da kallo, wadda ta bambanta da abin da aka saba daga baya. Wani mai sha'awa ya yi facin da ke ba mai wasa damar kallo da linzamin kwamfuta, watau maus, kuma wannan gyara ɗaya ya buɗe wasan ga sabon zamani.

Duk waɗannan ayyuka ba a biya kowa ko kwabo ba. Masu yinsu na warwatse a ƙasashe daban-daban, galibi ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba, kuma da yawa sunan aro kawai aka san su da shi.

Zuwan Hankaka

Babban sauyi ya zo ne ta hanyar da ba a zata ba. Wani mutum ya sayi tsohuwar na'urar gwaji ta masu ƙirƙirar wasannin Dreamcast, sai a 2010 aka tarar da rubutun asalin Dark Engine cikin kayan da ke tare da ita, daga nan ya bazu a intanet. A watan Satumba na 2012 wani da ya kira kansa Le Corbeau, watau Hankaka da Faransanci, ya saki wani faci da aka sa wa suna NewDark. Wannan faci ya magance sandarewa, ya daidaita hoto da faffaɗar fuska, ya gyara launi da fina-finai, ya kuma faɗaɗa iyakokin injin domin masu kwaskwarima su sami sarari. Ya amfani wasannin Thief ma, waɗanda aka gina a kan inji ɗaya. Akasarin masu lura da al'amarin na ganin cewa aiki mai zurfi haka sai da rubutun asali. Mai facin bai bayyana sunansa na gaskiya ba.

A daidai wannan lokaci wani Ba'amurke, Stephen Kick, ya nemi ya sayi wasan bisa ƙa'ida ya rasa. Sai ya bi sawun haƙƙin har zuwa kamfanin inshorar, ya ƙulla yarjejeniya da shi, ya kafa kamfanin Nightdive Studios. A watan Fabrairu na 2013 System Shock 2 ya dawo kasuwa ta shagon GOG, kuma abin da aka sayar yana ɗauke da facin Hankaka a cikinsa. Watau dai halattaccen mai sayarwa ya jingina da aikin wanda ba shi da izini.

Abin da ya biyo baya a taƙaice shi ne: a 2015 Nightdive ya mallaki haƙƙin jerin wasan gaba ɗaya, ya kuma fitar da ingantaccen bugu na kashi na farko, mai ɗauke da kallo da linzami. A 2018 ya saki rubutun asalin kashi na farko, bugun kwamfutar Mac, ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar karantawa da gyarawa, daga nan ne aikin Shockolate ya taso. A 2023 aka fitar da sabon gini na kashi na farko. A watan Yuni na 2025 kuma aka fitar da sabunta kashi na biyu, tare da haɗin gwiwar waɗansu daga cikin masu kwaskwarimar da suka riƙe shi tun farko.

Gardama a kan asali

Kada a ɗauka masu wannan aiki bakinsu ɗaya ne. Akwai tsohuwar gardama a tsakaninsu game da iyakar gyara. Wani ɓangare na ganin aikin mai faci shi ne ya fito da abin da marubutan asali suka nufa, ya tsaya nan. Wani ɓangaren kuma na ganin wanda ya sayi wasa yana da ikon juya shi yadda ya ga dama. Misali shi ne lalacewar makamai: a System Shock 2 bindiga na saurin cijewa, abin da ya fusata mutane da yawa har kamfani ya ba da hanyar rage shi. Amma masu kishin asali na cewa wannan cijewa ita ce tushen fargabar wasan, wanda ya cire ta ya cire ran abin. Haka nan duhu: mai ƙara haske domin a ga kyan sabon zane ya kori tsoron da aka gina a kan rashin gani.

Wannan gardama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Malaman da suka riƙa juyar littattafai da hannu sun san bambanci tsakanin matani da hashiya: gyara da sharhi a gefe suke zama, ba a cusa su cikin maganar mawallafi. Sun kuma san tahamisi, inda mawaƙi ke ƙara ɗango uku a kan kowane biyu na wani, a sami sabon aiki alhali na asali na nan daram. Sananne ne cewa waƙar Tabbat Haƙiƙa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Ba ana gwama darajar wannan da ta wasa ba ne. Hanyar aikin ce abin dubawa. Masu kwaskwarima sun isa ga irin wannan ladabi: NewDark ya ba da damar a ajiye kowane gyara a jakarsa dabam, a ɗora shi ko a sauke shi ba tare da an taɓa fayilolin asali ba.

Matsayin doka

A Nijeriya, kamar a yawancin ƙasashe, doka na ɗaukar manhaja tamkar rubutaccen adabi. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin ta 1988, ta keɓe wa mai haƙƙi ikon juya aikinsa da rarraba shi da sauya masa fasali, ta kuma yi tanadi a kan karya makullan da ake sa wa aiki domin hana kwafa. Rushewar kamfani ba ta kashe haƙƙi; hannu kawai yake sauyawa, kamar yadda aka gani.

Saboda haka masu faci da suka san abin da suke yi kan rarraba gyaran kaɗai, wanda ba ya amfani sai ga mai kwafin da ya saya. Sauran ya rage ga halin mai haƙƙi. Waɗansu kamfanoni na maraba da aikin. Valve ya ɗauki Minh Le da Jess Cliffe, waɗanda suka yi Counter-Strike a 1999 a matsayin kwaskwarimar Half-Life, ya mayar da aikinsu hajar kasuwa. Waɗansu kuwa ba sa lamunta: a 2016 Nintendo ya sa an janye AM2R, sabon ginin wasan Metroid II da wani ɗan Ajantina ya yi shekaru yana yi, kwanaki kaɗan bayan fitowarsa. Mai gini a filin wani ya san ranar tashi na iya zuwa.

Darussa ga ma'aikata

Masana'antar sarrafa tumatir ta Ikara, wadda aka kafa a farkon shekarun 1980, ta daɗe a tsaye kafin a sake tayar da ita a 2014. Tsayuwar masana'anta kowa na gani da idonsa. Tsayuwar manhaja kuwa a ɓoye take, sai ranar da aka nemi bayani aka rasa. Kuma ma'aikata ba ta da taron masu sha'awa a faɗin duniya da za su yi mata aikin shekara goma kyauta. Don haka akwai abubuwan da ya kamata jami'i ya tsaya a kansu kafin ya sa hannu a kwangilar manhaja.

Na ɗaya, a rubuta cikin yarjejeniya cewa za a miƙa rubutun asali, ko a ajiye shi a hannun amintacce na uku wanda zai sake shi idan ɗan kwangila ya rushe ko ya janye. Na biyu, bayanan ma'aikata su kasance cikin tsarin da kowace manhaja ke iya buɗewa, domin manhaja na tsufa amma sunayen 'yan fansho da sakamakon jarrabawa ba sa tsufa. Na uku, a nemi rubutaccen bayanin yadda aka gina ta, a kuma horar da ma'aikaci fiye da ɗaya, kada canjin wurin aiki ya tafi da ilmin. Na huɗu, a ware kuɗin kulawa a kasafin kowace shekara. Microsoft ya daina tallafa wa Windows XP a 2014, Windows 7 a 2020, ya kuma kawo ƙarshen tallafin yau da kullum na Windows 10 a watan Oktoba na 2025. Duk manhajar da aka gina a kansu sai ta bi sauyin.

Na biyar ya shafi tsaro, kuma fuska biyu gare shi. Facin da mai manhaja ya fitar a hukumance bai kamata a yi jinkirin ɗora shi ba. A watan Mayu na 2017 cutar kwamfuta ta WannaCry ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila da dama, alhali facin da ke toshe kafar da ta bi ya fito tun watan Maris. Facin da ba a san asalinsa ba kuwa ba shi da wuri a kwamfutar ofis, domin ɓarayin bayanai sun daɗe suna ɓoye tarkonsu cikin irin wannan kyauta. Abin da ya sa aka amince da aikin Hankaka shi ne ɗimbin masana sun gwada shi tsawon lokaci. Wannan shaida ba ta samuwa ga duk abin da aka turo ta waya.

Darussa ga ɗalibai

Ga ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello ko na Kwalejin Nuhu Bamalli, ko ma na sakandare a Hunkuyi, wannan fage makaranta ce da ba ta neman kuɗin rajista. Wasannin 1990 zuwa 2000 suna tashi a tsohuwar kwamfuta, rubutun asalin Doom da na System Shock na farko kuma a buɗe suke bisa halas. Wanda ya karanta su zai ga yadda ƙwararru suka warware matsaloli da ƙarancin kayan aiki. Samuel Villarreal, wanda ya gina injin KEX da Nightdive ke amfani da shi wajen raya tsofaffin wasanni, daga kwaskwarimar Doom ya fara.

Aikin ma bai yi nisa da gida ba. Matasan da ke zuwa gidajen gem sun saba ganin wasan ƙwallon ƙafa na tsohuwar na'ura ɗauke da 'yan wasan bana. Wannan kwaskwarima ce da waɗansu suka yi a wata ƙasa. Tambaya ita ce yaushe za a tashi daga masu karɓa zuwa masu yi. Fassara wuri ne mai kyau na farawa, kuma tana da matsalarta ta fasaha: tsofaffin manhajoji ba su san ɓ da ɗ da ƙ ba, sai mai fassara ya zana haruffan ya koya wa injin. Wanda ya iya wannan a wasa zai iya shi a manhajar asibiti ko ta makaranta.

Kammalawa

An ga cewa System Shock 2 ya yi shekara goma sha uku ba mai kula da shi a hukumance, kuma da lokacin dawowarsa kasuwa ya yi, aikin 'yan sa-kai ne aka tarar a ƙasa aka ɗora a kai. An ga kuma cewa babban gyaran bai samu ba sai bayan da rubutun asali ya fita, kuma fitarsa ta kasance bisa tsautsayi. Hukumar da ke riƙe da bayanan jama'a ba za ta jira irin wannan sa'a ba. Abin da ya dace shi ne kowace ma'aikata da kowace makaranta ta lissafa manhajojin da aikinta ya rataya a kansu, ta rubuta a gaban kowace wanda ya yi ta, da wanda ke riƙe da rubutun asalinta, da wanda zai gyara ta idan mai ita ya tafi. Inda aka rasa amsar ɗaya daga cikin waɗannan, nan ne ya kamata a fara aiki.